Daga Luksor zuwa Aswan a kan Kogin Nilu, ni da abokan ƙuruciya

A gidan ta'aziyya aka yanke shawarar wannan tafiya. Uwargidan Alhaji ce ta rasu, mun je zaman makoki, da la'asar ta yi sanyi jama'a suka watse, sai ya rage mu kaɗai a kan tabarma, mu da muka san juna tun muna 'yan makarantar kwana. Malam ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Jama'a, kun lura mun daina haɗuwa sai an yi mutuwa ko an ɗaura aure?" Babu wanda ya musa. Gari ɗaya muke zaune, amma Alhaji yana Kantin Kwari daga safe har magariba. Sarkin Noma, wanda muka laƙaba wa sunan tun bai mallaki ko kadada ɗaya ba, rabin shekararsa a gonakin rani na Kadawa take ƙarewa. Malam yana tsakanin aji da masallaci, ni kuma ofis ya riƙe ni. Ko mun haɗu, kafin shayi ya huce waya ta tashi wani.

Nan muka amince a buɗe asusu, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk ƙarshen wata, har ya isa mu fita tare. Malam ne ya kawo Masar, don ya yi karatu a Azhar, ya san Alƙahira lungu-lungu, amma bai taɓa zuwa kudancin ƙasar ba. Shi ne kuma ya nace a kan jirgin ruwa. Hujjarsa guda ce: idan otal muka kama, kowa zai sami dalilin fita shi kaɗai, amma a tsakiyar kogi babu mai cewa "bari in je in dawo". Akwai waɗanda suka ce mana da Umara muka kai kuɗin da ya fi. Ba mu yi gardama da su ba. Allah ya nufa kowannenmu ya sauke farali, kuma a ganina zumuncin da aka faro tun ƙuruciya shi ma ya cancanci a kashe masa kuɗi.

A watan Janairu muka tashi, lokacin da zafin kudancin Masar ke kwantawa. Jirgin sama ya kai mu Alƙahira daga Kano, jirgin ƙasa na dare ya yi kudu da mu tafiyar sama da kilomita 600, gari ya waye muna Luksor.

Jiragen shaƙatawa da ke zirga-zirga tsakanin Luksor da Aswan suna da yawa har gaɓar kogin ba ta isar su, saboda haka ake jera su kafaɗa da kafaɗa, na farko a bakin gaɓa, saura a bayansa. Kafin ka isa naka sai ka ratsa ta cikin na wasu, kamar mai wuce zaure bayan zaure a gidan sarauta, kowane da masu gadinsa suna yi maka maraba. Namu bene ne mai hawa biyar. Ɗakin cin abinci yana can ƙasa, tagoginsa daidai da fuskar ruwa, ɗakunan kwana a tsakiya, a sama kuma fili ne buɗaɗɗe da rumfa da kujeru da ɗan wurin iyo. Tsakanin biranen biyu kilomita 200 ne da 'yan kai, mota na cinye su cikin 'yan sa'o'i, amma jirgin sai ya raba su cikin kwanaki yana tsayawa a garuruwa. Wannan jinkirin shi ne abin da mutum ke biya wa kuɗi, sai dai a ranar farko ban gane haka ba tukuna.

Jirgi bai ɗaga nan take ba, don a Luksor kanta akwai abin gani da yawa. Mun fara da Karnak, wurin bautar mutanen Masar na da. Akwai wani zaure a cikinsa mai ginshiƙan dutse 134, na tsakiya tsawonsu ya haura mita 20, kaurin kowanne kuwa sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Sarki Seti na Farko da ɗansa Ramsis na Biyu ne suka ƙawata shi, shekaru sama da 3,000 da suka wuce, kuma har yau idan ka ɗaga kai kana ganin ragowar launin shuɗi da ja a can ƙarƙashin duwatsun da rana ba ta taɓawa. Daga nan akwai tsohuwar hanya mai tsawon kusan kilomita 3, da gumaka jere hagu da dama, wadda aka tono aka sake buɗewa a 2021. Ita ke haɗa Karnak da ɗaya wurin bautar da ke tsakiyar gari.

A wannan na biyun na ga abin da ya fi tsaya mini a rai a ranar. A cikin ginin Fir'aunan, a kan bangayensa, akwai masallaci, na Shaihu Abul Hajjaj, wanda ya rayu a ƙarni na 13. Lokacin da aka gina shi ƙasa da yashi sun binne tsohon ginin, mutane na zaune a samansa. Da aka zo aka kwashe ƙasar, sai tsohuwar ƙofar masallacin ta rage a can sama, babu matakala a ƙarƙashinta. Ta wata ƙofar ta ɓangaren gari muka shiga muka yi magariba. Ana idar da salla aka kunna fitilun da ke haska ginshiƙan, muna zaune a cikin sahu muna hango su ta taga.

Da daddare gardama ta tashi a teburin cin abinci, kuma ina ganin duk Bahaushen da zai yi wannan tafiya sai ta same shi. Gobe za a tsallaka yamma da kogi zuwa kwarin da aka binne sarakuna, Alhaji ya ce shi ba zai shiga kushewar kowa don kallo ba. Ya ce, "Malam, ba mutanen da Allah ya halaka ba ne? Ina ce an hana shiga irin wurarensu sai mutum yana kuka?" Malam bai yi gaggawar ba shi amsa ba. Ya ce gaskiya ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wannan gargaɗi lokacin da suka wuce ta gidajen Samudawa. Amma kuma an umarce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ya ƙara da cewa sarakunan Masar na da suna da yawa, sun yi mulki dubban shekaru, ba dukansu ne Fir'aunan Annabi Musa ba. "Abin da ka shiga da shi a zuciyarka, Alhaji, shi ne abin dubawa. In ranka bai kwanta ba, kada ka shiga, babu mai ganin laifinka."

Haka aka yi. Alhaji ya raka mu har bakin kwarin ya zauna a rumfa da carbinsa, mu muka gangara. Kaburbura sama da 60 aka gano a wurin, an sassaƙa su cikin dutse, wasu sun nutsa sosai a cikin tsauni. Tikitin shiga yana ba ka damar ganin uku, na Sarki Tutankhamun kuma, wanda Baturen Ingila Howard Carter ya gano a 1922, kuɗinsa daban. Bangayen cike suke da zane da rubutu, launinsu kamar jiya aka shafa, duk bayanin yadda mamacin zai tsallake haɗurran lahira ne bisa ga imaninsu. Kusan dukkan kaburburan ɓarayi sun wawashe su tun a zamanin da, gawarwakin sarakunan da yawa kuma yanzu suna gidan tarihi a Alƙahira. Ni dai na fito jikina a sanyaye. Mutum ya kwashe shekarun mulkinsa yana haƙa wa kansa maɓoya, ga shi yau baƙi daga ko'ina suna bin layi suna ɗaukar hoto a ciki. Na ga hikimar Malam, na kuma ga ta Alhaji, har yanzu ban ce ɗayansu ya yi kuskure ba.

Da azahar ta gota aka kwance igiya. Babu wata ƙara, sai dai ka ji ƙasan ƙafarka na ɗan rawa, ka ga gine-ginen Luksor suna ja da baya. Muka hau sama muka jawo kujeru ƙarƙashin rumfa. A nan tafiyar ta fara a wurina.

Wanda bai ga Masar daga tsakiyar Nilu ba, zai yi wuya ya gane yadda ƙasar take. Daga inda kake zaune kana ganin ruwa, sai kore shar na gonaki da dabino, sai kuma nan take, ba tare da wani tsaka-tsaki ba, jan tsauni da yashi. A wasu wuraren koren yana da faɗin kilomitoci, a wasu kuwa jifa ɗaya ce tsakanin ruwa da hamada. Mutanen ƙasar sun haura miliyan 100, kuma kusan kashi 95 cikin 100 a wannan siririn zirin da kuma inda kogin ya bazu kafin ya shiga teku suke zaune. Ruwan sama a nan kudu sai a shekara ba a ga ɗigo ba. Duk ganyen da ka hango, daga kogin nan aka ɗebo masa ruwa.

Sarkin Noma bai zauna ba. Ya dafa ƙarfen gefen jirgi yana karanta mana gonakin ɗaya bayan ɗaya. Ga rake an fara sara, ana loda shi a kan wasu ƙananan taragu masu siririn layin dogo da ke kai shi masana'antar sukari. Ga alkama ta yi kore. Ga ayaba, ga mangwaro, ga wata ciyawa da suke nomawa musamman don dabbobi, suna kiran ta barsim, yara na yanka suna ɗora wa jakuna. Ya nuna mana yadda ba a bar ko taku ɗaya na ƙasa a banza ba, har gangaren gaɓar da ruwa ya ja baya ya bari an shuka wani abu a kai. Injinan ban ruwa na ta bugawa a bakin kogi. Jigon da kakanninsu suka yi amfani da shi, irin wanda muka sani a fadamunmu, yanzu da wuya ka gan shi. Ya ce, "Ku dubi gidajen. Sun matsa su can gindin dutse, don kada su ci ƙasar noma." Da muka duba, a ƙauyuka da yawa haka ne.

Masunta biyu-biyu a kwale-kwale, ɗaya na tuƙi, ɗaya na dukan ruwa da sanda don ya kora kifi cikin raga. Ɓaunar gida, wadda suke tatsa kamar saniya, ta nutse cikin ruwa sai hanci, balbela a kan gadon bayanta. Yara na gudu a bakin gaɓa suna ɗaga mana hannu. Da lokacin la'asar ya yi, ladanin wani ƙauye ya fara kira, kafin ya gama mun wuce shi, na ƙauyen gaba ya karɓa, sannan wani daga ɗaya tsallaken. Mun yi tafiya mai ɗan nisa kiran salla bai yanke ba.

Salla a jirgi tana da nata sha'ani. Daga kudancin Masar alƙibla tana kudu maso gabas, amma kogin na lanƙwasa, jirgi na bin sa. Wani ma'aikacin jirgin ya kai mu inda su suke yi, wani ɗan wuri a baya kusa da ɗakin inji, da darduma a shimfiɗe, ya nuna mana inda za mu fuskanta a daidai wannan lokacin. Malam ya ja mu muka yi ƙasaru. Tun daga ranar ma'aikatan suka saba da mu, idan lokaci ya yi sai ɗayansu ya leƙo ya ce, "Ya Hajj, salla." Ta hannunsu muka sami ganin matuƙin, wanda suke kira Rayyis, dattijo cikin jallabiya da rawani, zaune a kan kujera mai tudu da kofin shayi a gefensa. Ba ya duba taswira. Launin ruwa da yadda yake murɗawa yake kallo ya gane inda yashi ya taru a ƙasa. Ya gaya wa Malam tun yana yaro yake kan kogin tare da mahaifinsa. Shi ne ya bayyana mana dalilin da ya sa Nilu ya zama hanya tun fil azal: ruwan kogin zuwa arewa yake gangarawa, iska kuma yawanci daga arewa take busowa, saboda haka mai zuwa kudu sai ya buɗe filafili iska ta kai shi, mai dawowa ya naɗe filafilin, ruwa ya kawo shi.

Dab da faɗuwar rana muka iso Isna, inda aka tare kogin da madatsa. Ruwan da ke kudu da ita ya fi na arewa tudu, don haka jirgi ba ya wucewa sai ta wani dogon rami mai ƙofofin ƙarfe gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a sako ruwa ta ƙasa, sai ka ga bangon siminti da ke gefenka yana nutsewa a hankali, alhali kai ne kake tashi. Idan ruwan ciki ya yi daidai da na gaba sai a buɗe. Jirage na bin layi, ana iya daɗewa ana jira, kuma a wannan jiran ne kasuwa ke ci. Samari a ƙananan kwale-kwale suna matsowa su ɗaura igiya a jikin jirgin, su cusa jallabiya ko mayafi ko tawul a leda, su wurgo shi sama har hawa na biyar, ba sa kuskure. In ka so, ku yi ciniki da ihu da yatsu, ka sa kuɗin a leda ka jefa musu. In ba ka so, ka mayar.

A nan na ga Alhaji ya dawo Alhajin da na sani. Leda ta faɗo a gabansa, ya buɗe, ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya ɗaga shi ga haske, ya leƙa ƙasa ya ce a Hausa, "Wannan ai da roba a ciki, kawo na auduga!" Malam ya fassara. Yaron ya yi dariya ya wurgo wani. Suka yi ta ja, Alhaji na taya wa, yaron na dafa kai yana rantsuwa, har Turawan da ke kusa suka taru suna kallo. Da aka daidaita, Alhaji ya ƙara masa a kan abin da suka yi, ya ce wanda ke tsaye a kwale-kwale cikin wannan sanyi yana neman halalinsa ya ci a ƙara masa. Tun rasuwar uwargidansa ban ji dariyarsa ba sai a wannan yammacin.

Daren nan ba mu yi barci da wuri ba. Sanyin Janairu a kan ruwa ba wasa ba ne, kowa ya gudu ɗaki, filin sama ya zama namu. Muka sa aka kawo shayi da na'ana'a, muka lulluɓa da barguna. Waya ba ta samun layi sosai a wannan yankin, babu wanda ya damu. Hira ta fara daga malamanmu na makaranta, ta bi ta kan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikin ajinmu, sai Alhaji ya fara magana a kan marigayiya. Ya faɗi yadda jinyar ta kasance, da abin da ta ce masa a asibiti, da yadda har yanzu idan ya dawo daga kasuwa yakan yi sallama ya tsaya jiran muryarta. A zaman makoki ba a faɗin irin wannan. Mutane na shigowa, ana addu'a, ana cewa a yi haƙuri, kai kuma kana cewa haƙuri ya zama dole. Ba mu katse shi ba, ba mu yi masa wa'azi ba, Malam ma shiru ya yi har ya gama, sannan ya yi mata addu'a muka shafa. Bayan shi kowa ya sauke nasa. Sarkin Noma ya faɗi bashin da ambaliya ta bar masa, wanda ko iyalinsa bai gaya wa ba, kuma kafin mu tashi an san yadda za a yi da shi. Na yi imani da a gida muke, da wannan hirar ba ta kai inda ta kai ba, don da wani ya duba agogo tun a tsakiya.

Idfu da sassafe muka yi ta. Keken doki ke ɗaukar mutane daga bakin ruwa zuwa wurin bautar, wanda aka fara ginawa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, aka shafe kimanin shekara 180 ana aiki. Ya fi sauran zama cikakke, har rufinsa yana nan, saboda yashi ya daɗe a binne da shi. Abin da ya dame ni a garin dawakan ne. Wasu sun rame, ga gyambo a baya, ana zabga musu bulala don a riga wani komawa ɗaukar fasinja. Sarkin Noma ya ƙi hawa na farkon da aka kawo mana, ya zaɓi wanda dokinsa ke da ƙiba, kuma ina ba duk mai zuwa shawarar ya yi haka. Daga nan kogin ya matse a Jabal Silsila, inda aka sassaƙo duwatsun da aka gina Karnak da wasunsa, har yau ana ganin sawun sara a jikin tsaunin. Da yamma muka tsaya a Kom Ombo, wurin bauta a kan gaɓa, da ɗan gidan tarihi cike da kadoji da aka busar aka adana tun zamanin da ake bauta musu. Akwai rijiya mai matakala da ake auna tashin kogi da ita, don da yawan ambaliyar shekara ake yanke harajin manoma.

Abinci bai ba mu wahala ba ko kaɗan. Wake da gurasa da safe, shinkafa da kifi ko kaza da rana, ga miyar kuɓewa, ga miyar lalo da suke ji da ita, suna kiran ta mulukiya. Yaji ne kawai babu, mun kuwa taho da namu. Amma akwai abin da ya kamata mai niyya ya sani. Kuɗin jirgi yawanci ya haɗa da ɗaki da abinci, ruwan sha da lemo kuwa saye ake yi. Na goro, wanda suke kira bakshish, ba ya ƙarewa: mai keken doki, mai gadin kushewa, mai ɗaukar kaya, sannan ambulan na ma'aikatan jirgi a ranar sauka. A tanadi canji. Akwai mashaya a jirgin, akwai kuma daren da ake kawo mai rawa. Mun kalli mai juyi da faffaɗan siket mai launuka, da aka zo ɗaya rawar muka koma sama. Babu wanda ya tsare mu, mu ma ba mu tsare kowa ba.

Aswan ta bambanta da duk inda muka wuce. Kogin ya rarrabu tsakanin tsibirai da baƙaƙen duwatsu masu santsi, kwale-kwale masu farin filafili, faluka, na yawo a tsakani. Mutanen da yawa baƙaƙe ne, Nubiyawa, har sau da dama sai an yi wa Sarkin Noma magana da harshensu. Aka kai mu babbar madatsar da aka gina daga 1960 zuwa 1970 da taimakon Tarayyar Sobiyet, zamanin Jamal Abdul Nasir. Tsayinta mita 111, tsawonta ya kusa kilomita 4, tafkin da ta tara a bayanta kuma ya miƙe kimanin kilomita 500 har cikin Sudan. Ita ta kawo ƙarshen ambaliyar shekara-shekara, ta ba ƙauyuka lantarki, ta sa ana noma rani da damina. Amma baƙar lakar da ambaliya ke shimfiɗa wa gonaki kyauta yanzu a bayan madatsar take kwanciya, manomi sai ya sayi takin zamani. Sarkin Noma ya daɗe yana kallon tafkin. Ya ce duk inda aka tare ruwa wani ya samu wani ya rasa, a tambayi masunta da manoman fadamar Haɗeja da Nguru abin da suka gani bayan an gina Tiga.

Waɗanda suka rasa a nan Nubiyawa ne. Mai falukar da ya zagaya da mu tsibirin Elefantin ya ba Malam labarin ƙauyen kakanninsa, wanda yanzu yake ƙarƙashin tafki. Kimanin mutum 100,000 aka tasa a Masar da Sudan. Na Masar aka kai yawancinsu sababbin gidaje a yankin Kom Ombo, nesa da bakin ruwa, na Wadi Halfa kuma aka kwashe su zuwa gabashin Sudan. A daidai wannan lokacin duniya ta haɗa kuɗi ƙarƙashin hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya aka yayyanka gumakan Abu Simbel aka ɗaga su mita 65 sama tsakanin 1964 da 1968, daga baya aka kwashe wurin bautar da ke tsibirin Fila dutse bayan dutse aka sake dasa shi a wani tsibiri. Mun je Fila, aikin ya burge ni ƙwarai, ba na rage masa komai. Sai dai raina ya sosu da na ga an lissafa kowane dutse an mayar da shi kusa da ɗan'uwansa, mutanen kuwa da dabinansu da kaburburan iyayensu ba su sami wannan gatan ba.

Da muka sauka daga jirgi muka yi sallama da ma'aikatan, sai muka shiga kasuwar Aswan kafin lokacin jirgin ƙasa. Doguwar hanya ce guda, cike da kayan ƙamshi da dabino iri-iri. Zoɓo tuli-tuli, suna ce masa karkade, ga tsamiya, ga goruba har da garinta. Muna tsaye Alhaji na cewa zoɓon bai kai namu duhu ba, sai muka ji daga bayan buhuna an ce, "Sannunku da zuwa, bayin Allah. Daga ina?"

Dattijo ne, zai girme mu kaɗan, Hausarsa tsaf, sai dai Larabci na ratsa ta nan da can. Ɗan Sudan ne. Ya ce kakanninsa na cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da ake kira Mai Wurno kusa da Sennar. Shi a Khartum ya girma, yana da shago, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba shi da shi. Ta Wadi Halfa ya tsallako da iyalinsa, yanzu yana taya wani mai shago tsaro. Ya jawo mana kujeru ya aika a kawo shayi. Sarkin Noma ya ce masa ashe ruwan da muka kwana a kansa ta ƙofar gidansu ya biyo, dattijon ya ce ƙwarai kuwa, yawancin ruwan Nilu ta wajensu yake gangarowa daga tsaunukan Habasha.

Bai taɓa zuwa Najeriya ba. Ya tambaye mu, "Malam, Wurno na nan?" Malam ya ce tana nan kusa da Sakkwato, ana noman shinkafa da albasa, kuma hubbaren Sarkin Musulmi Bello yana can ana ziyarta. Ya sa aka maimaita masa. Da muka tashi ya auna mana zoɓo da dabino ya ce ba zai karɓi ko sisi ba, baƙinsa ne mu. Alhaji ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaya, kayan ba naka ba ne, amana ce aka ba ka. Ciniki daban, zumunci daban." Ya biya kuɗin kaya cif, sannan muka haɗa abin da ya rage a asusunmu na tafiya muka ce a kai wa yara.

Tashar jirgin ƙasa tana ƙarshen hanyar kasuwar. Ya bar wa yaron shago tsaro, ya ɗauki jakar Malam ya raka mu har bakin ƙofa. Alhaji ya ce masa idan yana so ya zo Kano da iyalinsa, akwai wurin zama, akwai kuma abin yi a kasuwa. Ya yi godiya sosai, ya karɓi lambar waya, ya ce zai so ya zo ya ga Wurno ko sau ɗaya, amma idan Allah ya kawo zaman lafiya Khartum zai koma, don can ya binne iyayensa.